Aikin haɗa bayanai ya fara jan ƙafa: yadda ake gano inda ya shaƙe

Aikin da ya saba gamawa kafin gari ya waye, yau ga shi hantsi ya dubi ludayi yana nan yana juyi, masu jiran rahoto kuma sun fara bugo waya. Duk wanda ya taɓa riƙon aikin haɗa bayanai ya san irin wannan safiya, ya kuma san inda hannu yake fara zuwa: wajen saituna. A ƙara wa injin ƙwaƙwalwa (RAM), a ninka injinan da ke aiki, a kashe a sake kunnawa ko za a dace. Roƙona na farko shi ne ka janye hannun tukuna. Aikin da ya yi nauyi galibi a wuri ɗaya yake shaƙewa, sauran sassan jiransa kawai suke yi. In ba ka gano wurin ba, duk abin da ka taɓa lalube ne cikin duhu, wani lokaci ma ka samu gudu ka ɓata gaskiyar bayanan ba tare da ka sani ba.

Don mu fahimci juna, aikin da nake nufi shi ne wanda masu sana'ar suke kira ETL: a ɗebo bayanai daga wata ma'ajiya, a sarrafa su, a zuba su a wata. Ko da DataStage na IBM kake yi, ko PowerCenter na Informatica, ko SSIS na Microsoft, ko Talend, ko Pentaho, ko Spark, gaɓoɓin nan uku ne dai. Fayil ɗin dubawa kuwa shi ne jadawalin da aikin yake leƙawa a kan kowane layi domin samo abin da layin bai zo da shi ba. Layi ya zo da lambar kaya, a duba a samo sunan kayan da rukuninsa. Ya zo da lambar abokin ciniki ta tsohon tsari, a duba a samo mabuɗin, wato lambar shaida, da rumbun bayanai ya ba shi. A kansa zan fi daɗewa, domin a nan aka fi shan wuya.

Mataki na 1: Me ya canza?

Ruwa ba ya tsami banza. Buɗe rajistar aikin, wato inda yake rubuta abin da ya yi a kowane gudu, ka ciro na wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ka rubuta abu uku na kowane dare: lokacin da ya ɗauka, yawan layukan da ya karanta, yawan waɗanda ya rubuta. Sai ka raba yawan layuka da daƙiƙoƙi, ka samu layi nawa yake ci a daƙiƙa.

Wannan ɗan lissafi shi zai raba maka cuta biyu da ake yawan cakuɗawa. Idan gudun yana nan yadda yake amma layukan ne suka ninka, aikin lafiyarsa ƙalau, kaya ne suka yi masa yawa, maganinsa rage kaya. Idan layukan ba su ƙaru ba amma gudun ya faɗi, to wani abu ya lalace. Ka kuma kula da yadda ya faɗi. Faɗuwar dare ɗaya tana nuna an taɓa wani abu: an goge fihirisa (jerin da rumbu ke bi don gano layi da sauri), an sabunta manhaja, an mayar da rumbun bayanai wani inji mai nisa, ko an sa wani babban aiki yana gudana a lokaci guda da naka. Akwai kuma wata faɗuwar dare ɗaya da babu wanda ya taɓa komai, wadda ke zuwa ranar da fayil ɗin dubawa ya girma ya wuce wurin da aka ware masa a ƙwaƙwalwa. Jiya yana ciki, yau ya malalo kan faifai.

Ka tambayi mutane kuma. Mai kula da rumbun bayanai da mai kula da injina sau da yawa sun san amsar, ba a dai tambaye su ba ne.

Mataki na 2: Yanka aikin gida uku

Kwafi aikin zuwa wurin gwaji, da bayanai masu yawa kamar na gaske. Gwaji da layi 1,000 ba ya nuna komai, tun da kowane aiki gwani ne a kan layi 1,000.

Da farko bar karantawa kaɗai: ɗebo bayanan ka watsar, ko ka zuba su a fayil na banza. Lokacin da wannan ya ɗauka shi ne iyakar saurin da aikin zai iya kaiwa, komai ka gyara a gaba. Sannan ka ajiye abin da ka ɗebo a fayil, ka mayar da shi mafari, ka gudanar da sarrafawar ita kaɗai ba tare da rubutawa a rumbu ba. Daga ƙarshe ka gwada zubawa ita kaɗai daga fayil ɗin da aka riga aka sarrafa. Lambobi uku za su fito, kuma kusan kullum ɗaya za ta yi wa sauran fintinkau.

Wasu kayan aikin suna rage maka wahala. Rajistar PowerCenter tana nuna kashi nawa cikin ɗari na lokaci mai karantawa, mai sarrafawa da mai rubutawa kowanne ya yi yana aiki, wanda ya kusa 100 shi ne mai laifin. Shafin sa ido na Spark yana nuna kowane zango da lokacin da kowane ɗan aiki, wato kowane yanki na aikin da aka raba, ya ci. Amma ka yi hattara da lambar gudu da ake rubutawa a kan layin da ya haɗa sassa biyu a zanen aiki. Idan mai rubutawa ne ya yi nauyi, duk waɗanda ke bayansa za su rage gudu dole, kamar jerin motoci a bayan babbar mota a ƙaramar hanya, sai ka ga mai karantawa yana nuna ƙaramar lamba alhali ba shi da laifi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: duba tazarar da ke tsakanin tashin aikin da wucewar layin farko. In aikin ya yi minti 40 shiru kafin layi ɗaya ya motsa, ko dai tambayar SQL (harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi) ce take jan lokaci, ko kuwa fayilolin dubawa ake ta lodawa.

Mataki na 3: Leƙa injin yana cikin aiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A kan Linux, umarnin top zai nuna maka ko furosesa, wato sashen injin da ke yin lissafi, ta cika. In ƙwaya ɗaya ce kawai daga cikin ƙwayoyin furosesar take a 100 sauran suna hutawa, akwai sashe guda da ba ya raba aikinsa. Umarnin vmstat yana da ginshiƙai biyu, si da so, waɗanda in suna motsi ba ƙaƙƙautawa, ƙwaƙwalwa ta ƙare, injin yana kai kaya faifai yana dawo da su, kuma daga nan gudu ya mutu. Da iostat za ka ga ko faifai ne ya gaji, df kuma ya gaya maka ko wurin ajiyar wucin gadi ya kusa cika. Idan kuwa komai yana zaune, furosesa ba aiki, faifai ba aiki, amma aikin bai gama ba, to jira yake yi: ko amsar rumbun bayanai, ko hanyar sadarwa, ko wani ya kulle tebur.

Talend da Pentaho da Spark a kan Java suke tafiya. Idan wurin da aka ware wa Java ya kusa cika, za ka ga furosesa tana ta huci amma layuka ba sa wucewa, saboda sharar ƙwaƙwalwa kawai ake yi. A Talend da Pentaho saitin -Xmx ne yake faɗaɗa wurin, amma kafin ka ɗaga shi karanta mataki na 5.

Mataki na 4: Idan ɗebowa ce

Kada ka ɗebo abin da ba ka buƙata. Tebur mai ginshiƙi 80 da kake amfani da 12 daga ciki, rubuta sunayen 12 ɗin. Tacewa kuma a yi ta a cikin tambayar SQL, ba a kwaso layi miliyan 50 ta waya sannan a zubar da miliyan 48 a cikin aikin ba.

Nemi rumbun ya nuna maka hanyar da yake bi wajen amsa tambayar. A PostgreSQL umarnin EXPLAIN ne, kuma ka sani in ka ƙara masa ANALYZE to gudanar da tambayar zai yi da gaske, saboda haka kada ka gwada shi a kan umarnin gogewa ko sauyawa sai a inda za ka iya janyewa. Abin da kake nema shi ne inda ƙiyasin rumbun ya yi nisa da gaskiya: ya zaci layi 200 ne, ashe miliyan 2 ne. Wannan alamar ƙididdigar tebur ta tsufa, a sabunta ta. Wani abin da ke kashe fihirisa shi ne lulluɓe ginshiƙi da wani aiki a cikin sharaɗi, misali a yanke wa kwanan wata sa'o'insa kafin a kwatanta. Gara ka ce daga farkon rana kaza zuwa kafin farkon ta gaba, ginshiƙin ya tsaya tsirararsa.

Sai yawan layukan da ake ɗaukowa a kowane zuwa. Direban JDBC na Oracle, wato manhajar da ke haɗa Java da rumbun, a tsofaffin sigoginsa, in ba a saita shi ba, layi 10 yake kawowa a tafiya ɗaya. Layi miliyan 5 ke nan tafiya 500,000. In kowace tafiya tana cin milisakan 2, an ƙone kusan minti 17 a zirga-zirga kawai. Mayar da shi 5,000, tafiyar ta koma 1,000. Na PostgreSQL kuma akasin haka yake yi: yana ƙoƙarin kwaso sakamakon gaba ɗaya ya ɗora a ƙwaƙwalwa, sai an saita girman ɗauka an kuma kashe tabbatarwa ta kai tsaye (autocommit), wato adana sakamakon kowane umarni dindindin da zarar ya gama.

Mataki na 5: Fayil ɗin dubawa

Hanya uku ce ake duba abu, kuma rabin matsalolin da na gani daga zaɓen wadda ba ta dace ba suke tasowa.

Ta farko, a loda jadawalin dubawa gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa kafin a fara, kowane layi ya samu amsarsa nan take. Ita ce mafi sauri muddin jadawalin ya shiga. Ta biyu, a tambayi rumbun bayanai a kan kowane layi. Ta uku, a jera ɓangarorin biyu bisa mabuɗi a haɗa su, ko a bar rumbun ya yi haɗin da kansa in duk teburan a wurinsa suke.

Tambayar kowane layi tana da ranarta. In layi 2,000 ne suka shigo, jadawalin dubawa kuma yana da miliyan 300, wauta ce a loda miliyan 300 domin amsa 2,000. Amma a juya lissafin: layi miliyan 10, kowace tambaya milisakan 1, ya zama daƙiƙa 10,000, wato awa 2 da minti 47 ba a yi komai ba sai gaisawa da rumbu. Abin takaicin shi ne aikin da aka gina lokacin da layukan ba su da yawa yana nan da wannan saiti shekara da shekaru, kaya suna ƙaruwa, ba wanda ya koma ya duba. Kuma in za ka bi wannan hanya, tabbatar akwai fihirisa a kan mabuɗin dubawar, in ba haka ba kowace tambaya sai ta karance tebur daga farko har ƙarshe.

Idan lodawa za ka yi, yi lissafin wuri da hannunka. Layi miliyan 20, kowanne bait 200, gigabait 4 ke nan, ban da abin da tsarin ajiyar yake ci a kansa, wanda ba kaɗan ba ne. Yanzu tambayi kanka me kake nema a ciki. Sau da yawa mabuɗi ne da ginshiƙi ɗaya tak. In ka rage layin ya koma bait 30, gigabait 4 ta zama megabait 600. Sannan rage tsawonsa: in cinikin wata ɗaya kake lodawa, ba ka buƙatar abokan cinikin da aka rufe asusunsu shekaru 10 da suka wuce, sai dai ka tabbatar da hakan daga masu bayanan kafin ka yanke. Kada ka zaɓi tebur daga jerin da manhaja ta nuna maka, domin duk ginshiƙansa za ta kwaso. Rubuta tambayar da kanka. A ganina wannan ragewar ta fi kowane ƙarin ƙwaƙwalwa amfani, ba ta kuma cin ko sisi.

Kowane kayan aiki da halinsa idan wuri ya ƙare. PowerCenter yana malalar da ma'ajiyarsa zuwa fayiloli a faifai, aikin ya ci gaba amma da rarrafe, rajistar kuma takan faɗi girman da ya kamata a ware. SSIS a yanayin cikakken lodi, wato hanya ta farko, ba ya malala, faɗuwa yake yi. Spark yana aika ƙaramin tebur ga kowane inji da kansa in bai wuce megabait 10 ba, wanda ya wuce haka sai a koma rarraba ɓangarorin biyu ta hanyar sadarwa, abin da ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ana iya ɗaga wannan iyaka ta saitin spark.sql.autoBroadcastJoinThreshold, amma da hankali, tun da kowane inji sai ya riƙe kwafinsa.

Masu tsofaffin ayyukan DataStage da ke amfani da fayil ɗin hash suna da nasu karatun. Fayil ɗin yana rarraba layuka cikin rukunoni bisa lissafin mabuɗi. Nau'in da ke girma da kansa, wato nau'i na 30, folda ce mai ɗauke da fayiloli DATA.30 da OVER.30. Na farkon shi ne rukunonin, na biyun kuma inda ake jibge abin da ya yi wa rukuni yawa. Idan OVER.30 ya kumbura, kowace dubawa sai ta yi tsalle biyu ko fiye kafin ta samu abin da take nema. Fayil ɗin yana fara rayuwarsa da rukuni 1, yana tsagewa duk lokacin da cikarsa ta kai kashi 80 cikin 100, kuma wannan tsagewar tana cin lokaci sosai a yayin lodi. In ka san yawan layukan da za su shiga, saita mafi ƙarancin adadin rukunoni tun farko, ka huta. Umarnin ANALYZE.FILE zai nuna maka halin da yake ciki. Ka kuma riƙe wannan da kyau: fayil ɗin hash na bit 32 ba ya wuce kimanin gigabait 2, in ya kai nan lalacewa yake yi, sai an ƙirƙire shi ko an mayar da shi na bit 64.

Idan ayyuka biyar suna duba jadawali ɗaya a dare ɗaya, gina shi sau ɗaya su yi tarayya. Sai dai ma'ajiyar da aka adana tana tsufa. Dole a san wane aiki ne yake sabunta ta, kuma duk masu dubawa su jira shi ya gama. In ba haka ba abokin cinikin da aka yi wa rajista jiya zai zo yau a ce ba a san shi ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Dubawa ba nauyi kaɗai take jawowa ba, tana iya ba da amsar ƙarya cikin natsuwa, ba kuskure ba gargaɗi.

Na taɓa ganin aikin da ya wayi gari yana gamawa da wuri fiye da yadda ya saba, har aka yi ta murna. Bayan kwanaki sai masu lissafi suka ce jimillarsu ba ta cika ba. Da muka buɗe fayil ɗin dubawa a manhajar rubutu zalla, sai ga lambar da ya kamata ta zama 004512 ta koma 4512. Wani ne ya buɗe fayil ɗin a manhajar jadawali don ya gyara suna ɗaya, ya adana, sifilan farko suka tafi. Duk layin da lambarsa ta fara da sifili bai samu abokinsa ba, saitin aikin kuma ya ce a yar da wanda bai samu ba. Saurin da muka gani, saurin zubar da kaya ne a hanya. Tun daga ranar ban ƙara yarda da aikin da ya yi sauri ba tare da dalili ba.

Saboda haka idan dubawa tana kasa samun abin da ka san yana nan, ɗauki mabuɗi guda ɗaya da ya gaza, ka ajiye shi kusa da takwaransa na cikin fayil, ka duba su bait bayan bait, ba da ido kawai ba. Ga abubuwan da aka saba tararwa. Sarari a ƙarshen rubutu, musamman daga ginshiƙi nau'in CHAR da ake cike shi da sarari har ya kai tsawonsa. Babban baƙi da ƙarami: SSIS a cikakken lodi yana bambanta su, alhali rumbun SQL Server da ke ƙarƙashinsa, bisa saitin da aka fi amfani da shi, ba ya bambantawa, don haka sauya yanayin lodi kaɗai yana iya sauya sakamako. Lamba a gefe ɗaya, rubutu a ɗaya gefen. Alamar ƙarshen layi ta Windows da ta maƙale a ginshiƙin ƙarshe bayan an kai fayil ɗin Linux. Bait uku na ɓoye da wasu manhajoji ke sawa a farkon fayil ɗin UTF-8, waɗanda ke ɓata mabuɗin layin farko kaɗai. Lambobi masu tsawo da suka bi ta Excel, wanda ba ya riƙe fiye da lambobi 15, sauran ya mayar da su sifili. Haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ da suka bi ta tsohon tsarin rubutu da bai san su ba, suka fito a matsayin alamar tambaya. Sai kuma ramin da ba komai a ciki, wato NULL, wanda a SQL ba ya daidai da kowa, har da ɗan'uwansa NULL. Oracle ma rubutun da ba harafi ko ɗaya a ciki NULL yake ɗaukarsa, wasu rumbunan kuwa suna bambanta su.

Maganin shi ne a wanke mabuɗi ta hanya iri ɗaya a ɓangarorin biyu, a kuma yi wankin sau ɗaya lokacin gina fayil ɗin, ba a kan kowace dubawa ba.

Sai mabuɗin da ya maimaitu. Me zai faru in lamba ɗaya ta fito sau biyu a jadawalin dubawa? Fayil ɗin hash na DataStage na ƙarshe yake riƙewa, ya danne na farko ba tare da ya ce uffan ba. SSIS na farkon da ya tarar yake bayarwa, tare da gargaɗin da ba kowa ke karantawa ba. PowerCenter yana barin ka zaɓa: na farko, na ƙarshe, kowanne, ko a ɗauke shi kuskure. Haɗin SQL kuwa ninka layin zai yi, kuɗin da ke kansa ma ya ninku. Kafin ka gina fayil ɗin, ƙirga mabuɗan da suka fito fiye da sau ɗaya. In akwai, kada ka bar manhaja ta zaɓar maka. Sau da yawa dalilin maimaicin shi ne jadawalin yana riƙe tarihi, irin wanda Ralph Kimball ya kira nau'i na 2, inda kowane sauyin adireshi ko matsayi yake samun sabon layi da ranar farawa da ranar ƙarewa. A nan mabuɗi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kwanan watan cinikin. In kuwa lodin yau da kullum ne kawai, loda layukan da ke aiki yanzu, fayil ɗin ya ragu sosai, amma ka tanadi wata hanya domin cinikin da ya iso a makare.

Layin da bai samu amsa ba kuma, kada a taɓa yar da shi a ɓoye. Ko a tura shi fayil ɗin waɗanda aka ƙi, ko a ba shi mabuɗin "ba a sani ba" a wuce da shi, amma a ƙirga su kowane dare, a sa iyakar da in sun wuce ta aikin zai tsaya ya yi ƙara.

Mataki na 6: Jerawa da rabon aiki

Jerawa tana tsayar da komai, domin layin farko ba ya fita sai na ƙarshe ya shigo. Ƙirga sau nawa aikinka yake jera bayanai iri ɗaya. A DataStage mai rarraba aiki, kunna APT_DUMP_SCORE zai nuna maka jerawa da rarrabawar da injin ya cusa da kansa, waɗanda ba sa cikin zanenka. Tace layuka ka kuma zubar da ginshiƙan da ba a buƙata kafin jerawa, ba bayanta ba.

Ƙara yawan injina ba ya taimakawa idan rabon bai yi adalci ba. Ana raba layuka bisa mabuɗi, to in kashi 40 cikin 100 na layukan mabuɗinsu ɗaya ne, ko babu mabuɗin sam, duk za su taru a kan inji guda, sauran su gama su zauna suna kallonsa. Alamarsa a Spark ita ce 'yan aiki 199 cikin 200 sun gama cikin daƙiƙoƙi, ɗaya ya rage yana ta fama. Ƙirga layuka bisa mabuɗi ka ga manyan goma. Ware marasa mabuɗi su bi ta gefe tun da ba za su samu aboki ba ko da sun shiga haɗin. Daga siga ta 3.2 Spark yana ƙoƙarin farfasa irin wannan ƙullutu da kansa, amma ba kullum yake cin nasara ba.

Mataki na 7: Idan zubawa ce

Rubuta layi ɗaya ɗaya, a tabbatar da kowanne, wato a sa rumbun ya adana shi dindindin, shi ne mafi munin hanya. Kowane rumbu yana da ƙofar manyan kaya: COPY a PostgreSQL, LOAD DATA a MySQL, BULK INSERT a SQL Server, SQL*Loader a Oracle. Bi ta nan. In ba hali, haɗa layuka dami dami. PowerCenter yana tabbatarwa duk layi 10,000 in ba a sauya ba, ana iya ɗagawa, sai dai dami mai girma yana cika rajistar janyewa ta rumbun, kuma in aikin ya faɗi a tsakiya janyewar ma za ta ɗauki lokaci.

Kowace fihirisa da ke kan teburin, sai an gyara ta a kan kowane layin da ya shiga. In lodin babba ne idan aka kwatanta da teburin, kashe fihirisoshin ka sake gina su bayan an gama. In ƙarami ne, bar su, domin sake ginawar zai fi tsada. Sauya tsofaffin layuka ɗaya bayan ɗaya kuwa, musamman ba fihirisa a kan mabuɗin, shi ne abin da na fi gani yana cinye dare. Zuba sabbin bayanan a teburin wucin gadi, sannan ka bar rumbun ya yi sauyin da umarni ɗaya. Kuma kada ka aika sauyi ga layin da bai canza ba: kwatanta tukuna.

Mataki na 8: Rage kayan tun daga tushe

Idan aikin yana kwashe teburin gaba ɗaya kowane dare alhali kaɗan ne ya canza, duk gyaran da ke sama rage zafi ne. Koma ɗebo abin da ya canza tun lodin ƙarshe, ta ginshiƙin lokacin sauyi ko ta karanta rajistar rumbun. Tarko biyu ne a nan. Layin da aka goge ba ya barin lokacin sauyi, sai an nemo shi ta wata hanya. Sannan cinikin da aka fara rubutawa kafin ka karanta amma aka tabbatar da shi bayan ka wuce zai faɗa tsakani ya ɓace. Saboda haka koma baya kaɗan a kowane lodi, ka kuma gina aikin yadda in layi ya zo sau biyu ba zai shiga sau biyu ba.

Mataki na 9: Tabbatar da gyaran

Abu ɗaya za ka sauya a kowane gwaji, ka rubuta abin da ka sauya da lokacin da aka samu. In ka sauya biyar tare aikin ya yi sauri, ba ka san wanne ya yi amfani ba, ba ka kuma san wanne zai cije ka wata mai zuwa ba. Gudanar da kowane gwaji fiye da sau ɗaya, domin zagaye na biyu yakan fi sauri don kawai bayanan suna nan a ƙwaƙwalwar injin daga zagayen farko.

Bayan kowane sauyi, lissafin nan dole ya tashi daidai: layukan da aka karanta su zama daidai da waɗanda aka rubuta, haɗe da waɗanda aka ƙi da waɗanda aka tace da gangan. Tara jimillar ginshiƙan kuɗi a tsohon sakamako da sabo ka kwatanta. Ƙirga layukan da suka samu "ba a sani ba" a kowace dubawa, kafin gyara da bayansa. In adadin ya motsa ko da layi ɗaya ne, tsaya ka gano dalili kafin ka kai gyaran wurin aiki na gaske.

Sannan ka sa aikin ya riƙa rubuta waɗannan lambobi da kansa a wani ƙaramin tebur kowane dare: lokacin farawa da gamawa na kowane sashe, layukan shiga da na fita, waɗanda aka ƙi, da yawan layuka da girman kowane fayil ɗin dubawa. A gefen girman fayil ɗin rubuta wurin da aka ware masa a ƙwaƙwalwa, ka sa gargaɗi ya tashi idan ya kai kashi 80 cikin 100 na wurin.